Gwanda a ƙasa mai riƙe ruwa: yaya zan hana saiwar ruɓewa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Bara na dasa gwanda bakwai a bayan gida, suka tashi gwanin sha'awa, har biyu sun fara fure. Da damina ta kankama aka yi kwana uku ana tafka ruwa, sai ganyen ƙasa suka yi ɗorawa, suka langaɓe a jikin karan kamar an watsa musu ruwan zafi. Cikin mako biyu, biyar suka tafi. Ɗaya ma taɓa ta kawai na yi ta kife. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi tiɓis, tana fashewa a hannu, ga wari. Ƙasar wurin laka ce mai danƙo, in an yi ruwa sai ya kwana biyu a kwance. Abin ya ci min rai, don tun daga iri na rene su. Bana zan sake. In haƙa rami mai zurfi in cika shi da yashi da taki?

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah ki bar maganar ramin nan. Rami a cikin laka tukunya ce: ruwa zai tsiyaye ya taru a ciki ya rasa hanyar fita. Saiwar gwanda tana son iska, kwana ɗaya zuwa biyu cikin ruwa ya isa ya kashe ta. Sama za ki kai ta. Ki tara tsibin ƙasa mai tsayin santimita 40 zuwa 50, faɗinsa kamar mita ɗaya, ki gauraya da taki wanda ya ruɓe sosai, ba ɗanyen kashin dabbobi ba. Ki ba tsibin 'yan kwanaki ya kwanta kafin dashe, tsakanin wannan da wancan kuma mita biyu zuwa biyu da rabi. Sai ki yanka magudana a gefe ta kai ruwan gangare, in ba haka ba tsibin zai zauna ne cikin tafki.

Wani kuskure da na sha gani: binne karan. Inda ƙasa ta tsaya masa a ledar reno, nan za ta tsaya a tsibi. Ciyawar da za ki rufe ƙasa da ita ma kada ta taɓa gindin, ki bar tazarar tafin hannu.

Ɗalibin Gona:
Gaskiyar Baba Mai Lambu. Ƙari kaɗan, Hajiya: warin nan da laushin saiwa galibi aikin wata cuta ce, Fitoftora, wadda ƙwayoyinta ke iyo cikin ruwan ƙasa su bi saiwa. Tana daɗewa a ƙasa bayan itacen ya mutu, don haka kada ki dasa a gurbin na bara, kuma ki tone ragowar saiwoyin ki ƙone. Manoman gwanda a tsibiran Hawai na Amurka suna da dabara: su ɗebo ƙasa daga inda ba a taɓa shuka gwanda ba, su zuba a wurin dashen, saboda wata ukun farko ne tsiron ya fi rauni. Maganin cutar shuka mai suna Ridomil yana taimakawa a matsayin riga-kafi, ki bi umarnin jikin ledarsa, amma ba ya tayar da saiwar da ta riga ta ruɓe.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri. To biyun da suka rayu fa? Suna nan, sai dai sun rame. In tara musu ƙasa a gindi?

Mai Lambu:
A'a Hajiya, karan zai ruɓe. Babbar gwanda kuma ba ta son a tumɓuke ta a sauya mata wuri. Ki yi musu magudana kewaye, nesa da gindi kamar mita ɗaya don kada fartanya ta sare saiwa. Ki sa yatsa cikin ƙasa kafin ban-ruwa, in da danshi ki ƙyale su.