Za a cire min haƙori, kuma ba ni kaɗai ce a jikin nan ba

Tauraruwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina fama da larurar rarrabuwar kai, wadda likitoci ke kira DID. Likitan ƙwaƙwalwa ne ya tabbatar min, bayan an sha yawo da ni gidajen masu ruƙiyya. Akwai wasu a cikina, wani lokaci ɗaya ta karɓi jikin, in dawo ban san me aka yi ba. Cikinsu akwai ƙarama, maganarta ta 'yar shekara shida ce, kuma ita ke fitowa duk sanda aka kwantar da ni wani ya tsaya a kaina.

Yanzu matauni na ƙasa ya ruɓe, kumatuna ya kumbura, an ce sai an cire. Wancan karon da na je wani asibiti, iyakar abin da na tuna an kwantar da kujera, an haska min fitila a fuska. Sai ga ni a kan benci a waje, yayata riƙe da mayafina. Wai na ciji likita a yatsa ina kiran Inna, wata ma'aikaciya tana cewa ai mai iska ce. Haƙorin yana nan ba a taɓa shi ba.

Shin in faɗa wa likitan haƙori larurar tawa? Ko in roƙa a sa ni barci gaba ɗaya kowa ya huta?

Nas Mai Dare:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. A ɗakin tiyata nake aiki. Cire haƙori ɗaya yawanci allurar kashe wuri ake yi a dasashi, lidoken, kuma galibi akwai adirenalin a cikinta. Shi ya sa wasu ke jin zuciya na bugawa da sauri na 'yan mintuna. Ki san da haka tun a gida, kada na cikin su ɗauka wani mugun abu ne ya taso. Leɓe da harshe kuma za su mutu na wasu awanni, ƙaramar za ta iya taunawa ba ta ji ba.

Maganar barci, kada ki yi gaggawa. Midazolam, ɗaya daga cikin magungunan sa barci, yana goge tunanin abin da ya faru bayan an ba da shi, ke kuma ɓacewar lokaci ita ce damuwarki tun asali. Ketamin, da ake yawan amfani da shi a asibitocinmu, aikinsa ke nan ya raba mutum da jin jikinsa, kuma wasu na farkawa cikin mugayen mafarkai. Ban ce haramun ne a gare ki ba. Amma in har za a sa ki barci, dole mai sa barcin ya san larurar da duk maganin da kike sha. Kuma akwai azumi, awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa. In wata ta fito da asuba ta sha koko ke ba ki sani ba fa?

Gwaggon Yara:
Irin larurarki gare ni. Ni kam ban cika faɗin sunan ba, don da yawa ba su taɓa ji ba, sai ki ga ido ya canza. Abin da zai gani nake faɗa masa: "Likita, na sha wuya ina ƙarama, in na tsorata nakan ɗauke, ko in yi magana kamar yarinya. In ka ga haka ka tsaya, ka kira cikakken sunana, ka faɗa min inda nake." A takarda nake rubutawa in miƙa, don bakina kan ƙi buɗuwa a wurin.

Mun yi alkawari da shi, in na ɗaga hannun hagu ya janye komai daga bakina. Kujerar ma ba ya kwantar da ita duka, kuma kafin ya taɓa ni sai ya faɗa. Daren jajibiri nakan zauna in lallashi ƙananan, in ce musu wannan aikin manya ne, su zauna ciki, in an gama za a sayo yogot. Wani zai yi dariya, amma yana yi min aiki. Kuma ki karɓi layin farko da safe, zaman jira shi ya fi rikita mu.

Baban Sadiya:
Baiwar Allah, ki riƙe azkar, ki tofa Ayatul Kursiyyu kafin ki shiga. Wa ya sani ko mutanen ɓoye ne.

Tauraruwa:
Na gode Baba, azkar ba na wasa da shi, carbina ma a hannuna zai kasance. Amma wannan ciwo ne da ya samo tushe daga abin da aka yi min ina ƙarama, kuma ina ganin likita a kansa.

Nas Mai Dare:
Na yarda da takardar Gwaggo, amma ga mai sa barci sai an faɗi sunan ƙarara. Sannan bayan an cire ne aka fi samun matsala. Ki cije audugar kamar rabin awa. Ranar farko ba kurkure baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar abu da tsinke, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita. In ya fita, bayan kwana biyu zuwa huɗu za ki ji zogi har kunne. Washegari ki fara kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Rubuta duk wannan ki manna a madubi, don wadda ta ji bayanin likita ba lallai ita ce za ta tashi da safe ba. Magunguna kuma su zauna hannun yayarki, tana rubuta lokacin da aka sha. Farasitamol in ya haura giram 4 a yini yana lahanta hanta, kuma abu ne mai sauƙi ki sha, wata ta fito ta ƙara. Takardar amincewa ma ki karanta ki sa hannu kina cikin hayyacinki, tun kafin ki hau kujera.

Tauraruwa:
Allah ya saka muku da alheri. Zan fara zuwa mu yi magana kawai da likitan ba tare da an taɓa bakina ba, yaya za ta raka ni, kuma zan roƙi likitan ƙwaƙwalwata ya ba ni 'yar wasiƙa. Gwaggo, da kika ɗaga hannun ya tsaya nan take kuwa, ko sai da ya ƙarasa abin da yake yi?