Dan Allah marubuta ku ba ni shawara, labarina ya tsaya cak a feji na 37

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da makaranta, Admin ki yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Wannan ne littafina na biyu, na farko kyauta na sake shi kuma Alhamdulillah ya samu karɓuwa daidai gwargwado, shi ya sa wannan na maida shi na kuɗi, feji 15 kyauta sauran a guruf ɗin waɗanda suka biya. Yanzu ina feji na 37 kuma wallahi yau kwana goma sha ɗaya kenan ko layi ɗaya na kasa rubutawa, sai in ɗauki wayar in buɗe in yi ta kallonta har barci ya kwashe ni.

Labarin wasu ne da suka taso suna son juna tun yarinta, an kai kuɗin gaisuwa an sa rana, sai gwajin jini ya nuna dukansu AS ne, wato suna iya haifar mai sikila. Abin da ya sa na fara shi ɗan yayata ne mai sikila, na sha kwana da su a asibiti na ga abin da uwa ke gani in ciwon ya tashi, kuma niyyata tun farko ba za su yi aure ba. To amma makaranta sun mutu a kan jarumin, kullum kwament ɗin shi ne in kika raba su ba za mu yafe miki ba, har wata ta bi ni ta gefe ta ce in maido mata kuɗinta. Don in ja lokaci sai na dinga cusa abubuwa, na sa ya yi hatsarin mota, na kawo wata 'yar ƙanwar babansa da ake so a haɗa su, yanzu zaren ya yi mini yawa ban san wanne zan ja ba, har a feji na 30 na ce yayanta soja ne alhali a feji na 4 malamin makaranta na ce, makaranciya ce ta tuna mini. Ga shi ina koyarwa a firamare, yarana biyu, sai bayan isha nake zama in yi taifin kai tsaye a WhatsApp ina gamawa in tura. Dan Allah manya ya kuke tsara rubutunku, kuma in bi zuciyata ko in bi makaranta?

Wata tsohuwar marubuciya daga Kano:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ban ga labari ya tsaya ba, ke ce kika san inda zai je kike jin tsoron kai shi, shi ya sa hannunki ya ƙi. Hatsarin motar nan da 'yar ƙanwar baban duk gudun feji ɗaya kike yi, fejin da za su zauna su faɗa wa juna gaskiya.

Mu lokacinmu da biro muke rubutu a littafin makaranta, sai ka cika uku ko huɗu sannan ka kai wa mai taifin, ya buga ya ba ka ka duba kurakurai, a kai maɗaba'a, daga nan sai kasuwar Sabon Gari wajen masu sari. Ana raba littafi kashi na 1 da na 2 da na 3, amma mai karatu ba shi da hanyar da zai tsaya maka a ka kana tsakiyar rubutu, sai dai wasiƙa ta zo bayan littafi ya fita ko a haɗu da kai a gidan biki a yi maka ƙorafi. Wahalar nan ta koya mana abu ɗaya, ba ka fara bugawa sai ka san ƙarshe don kuɗin takarda ba ya dawowa. Ku yanzu Allah ya kawo muku sauƙi amma sauƙin ya zo da nasa, kina rubutu mutum ɗari biyu na leƙa miki ta kafaɗa.

Abin da nake yi har yau duk da na koma waya, ina da ɗan littafi na daban ga kowane labari. Shafin farko sunan kowa da shekarunsa da sana'arsa da garinsu da yadda yake magana, wannan mai yawan rantsuwa ce wancan ba ya kiran sunan matarsa, har ranar da aka sa biki da watan da ake ciki ina rubutawa don kar a yi azumi sau biyu a shekara ɗaya. Shafi na biyu layi biyar ne kacal, mafari, abin da ya haɗa su, abin da ya raba su, inda abu ya fi tsanani, sai ƙarshe. In wani tunani ya zo mini mai daɗi sai in duba, in bai taɓa ɗaya daga layukan nan ba sai in ajiye shi a bayan littafin, wata rana shi zai zama wani labarin. Kuma ba na sakin feji ɗaya sai ina da goma a ajiye. Wannan goman ita ce garkuwarki, in aka yi miki ca a kwament kin riga kin wuce wajen, ba a juya ki.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Ni ba marubuciya ba ce amma dan Allah 'yar uwa kar ki bi hanyar da na ga wasu suna bi, wai daga ƙarshe a ce kuskuren gwaji ne ko an samu wani magani ya maida AS ya koma AA, AS ba ya canzawa haka mutum zai rayu da shi. Kuma ki gyara abin da mutane ke yawan faɗa cewa wai a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zo da sikila, ba haka lissafin yake ba, kowane ciki da kansa yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa SS wato mai sikila, kashi 50 AS, kashi 25 AA, don haka za a iya haifar uku a jere duk masu ciwon kuma na gani da idona. A Kano ma tun 2024 aka sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure kuma gwajin jinin nan na ciki, in labarinki a Kano yake ki sa wannan a lissafi. 'Yan mata da yawa daga littafi suke fara jin irin wannan maganar kafin su ji ta a asibiti, ki taimake mu ki rubuta daidai.

Wata makaranciya:

Ina cikin waɗanda suka biya kuma ina cikin masu cewa kar ki raba su, gaskiya sai da na karanta wannan na ji kunya. Mu fa in muna ihu a kwament daɗin labarin ne ke sa mu, ba wai mun fi ki sanin inda za shi ba. Amma abin da ya fi ba mu haushi shirun nan ne, kwana goma sha ɗaya ba fostin ba bayani, mun sha biyan kuɗi marubuciya ta ɓace ta bar mu a tsakiyar labari. Ki fito ki yi mana magana kawai. Kuma roƙona in za ki raba su kar ki yar da su a titi, ki nuna mana kowa ya samu inda hankalinsa ya kwanta.

Wani marubuci daga Zariya:

Da izinin Anti zan ɗan bambanta kaɗan. Ni in na tsara komai daga farko sai labarin ya mutu mini a hannu, ji nake kamar kwafa nake yi. Abin da kawai nake riƙewa shi ne fitowar ƙarshe, ina ganinta a raina kamar hoto, wa ke tsaye wa ke zaune me aka ce, sauran hanya kuma ina tafiya ina ganowa. Kuma ban yarda a toshe kunne gaba ɗaya daga makaranta ba, wadda ta tuna miki maganar sojan nan ai gata ta yi miki. A saurare su a kan kuskure da inda labari ya yi sanyi, amma ƙarshe naki ne ke kaɗai.

Sai maganar lokaci, malama bayan isha kin riga kin ƙare, kin yi aji kin yi girki kin yi yara, ragowar ƙwaƙwalwa kike ba rubutun. Ki gwada bayan asuba ko minti arba'in ne kafin gida ya tashi, data a kashe. Ni haka nake yi, kuma ba na tashi sai na bar zance a tsakiya inda na san me zai biyo baya, gobe in na zauna ba sai na yi ta lalube ba. In hira ta zo mini ina kan mashin ko a layin mai sai in tsaya in ɗauki muryata a waya, don hirar masoya in ba ka kama ta da zafinta ba in ka zo rubutawa sai ta fito kamar wa'azi. Ki dinga karanta hirar da ƙarfi ke kaɗai, duk inda kika ji ba wanda zai faɗi haka a zaure ki goge.

Wata daga Maraɗi:

Anti ta gama magana. Ƙari ɗaya, a wajen Turawa sharaɗi ne littafin soyayya ya ƙare masoya suna tare cikin farin ciki, mu namu ba dole ba ne, mun saba da labarin da ƙaddara ke raba mutane a yi haƙuri. Amma makaranciyar can ta yi gaskiya, tun yanzu ki fara shuka wanda jarumar za ta aura, kar ya faɗo daga sama a feji na ƙarshe.

Admin:

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai taifin kai tsaye a WhatsApp ɗin nan ne. Dan girman Allah ku daina, ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka fizge ta ko aka rufe lambar shi kenan. Ki rubuta a manhajar rubutu irin su WPS ko Google Docs, duk fejin da kika gama ki tura wa kanki ta imel, ki bar shi ya kwana, da safe ki sake karantawa sannan ki saki. Kuma ki daina alƙawarin kullum, ki ce Litinin da Laraba da Asabar ki tsaya a kai, ya fi ki ce kullum ki kasa. In kina so ki koyi taƙaita zance ki gwada rubuta gajeren labari irin na gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, kalmomi 1000 zuwa 1500 ake nema, in kika saba cusa labari a wannan ƙuncin za ki daina kawo hatsarin mota don cike feji.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, wallahi ina karantawa ina hawaye, Anti kamar kin shiga raina, fejin nan nake gudu. Na riga na yi wa guruf ɗin bayani na nemi sati biyu, wadda ke son kuɗinta kuma na ce ta turo lambar asusu. Yanzun nan na sayo littafi a shagon ƙofar gida na fara komawa feji na 1 ina fitar da sunaye. Saura abu ɗaya, ya zan yi da hatsarin da 'yar ƙanwar baban tunda sun riga sun fita, in goge su ne?

Tsohuwar marubuciyar:

A'a ƙanwata abin da ya fita ya fita, ki sa su yi miki aiki. Jarumin yana kwance a asibiti ko? To ki sa jarumar ta je duba shi ta ɓata hanya ta faɗa ɗakin yara, ta tarar da uwa riƙe da ɗanta mai sikila cikin dare ana neman jini, abin da kika gani da ɗan yayarki ki rubuta shi yadda kika gan shi kar ki yi masa ado. Daga nan ita da bakinta za ta ce ta fasa, ba iyaye ne za su raba su ba. 'Yar ƙanwar baban kuma ki je ki yi mata gwaji a labarin tukuna, in AA ce kin samu matar jarumi, sai dai ki daina nuna ta a muguwa daga yanzu. Maganar soja ki rubuta layi ɗaya a saman feji na 38 ki ce kuskure ne malami ne, ba wanda zai riƙe ki. In kin rubuta fejin asibitin ki turo mini ta gefe in duba kafin ki saki, bayan la'asar nake samun sarari.