Wai finafinan Ayislan ba komai a cikinsu sai tumaki da sanyi?

Nura: Jama'a, zan faɗi magana, mai jin haushi ya ji. Finafinan Ayislan na yanzu ba don 'yan ƙasar ake yin su ba, don alƙalan bukukuwan Turai ne. Tumaki, ƙanƙara, sai wani tsoho mai gemu buzu-buzu ya zuba wa dutse ido bai ce uffan ba. Na kalli Hrútar da Dýrið cikin mako guda, kamar fim ɗaya na maimaita.

Malam Bala: Haba Nura. Hrútar ka ce? Sunan ma "Raguna" yake nufi. Wa da ƙani ne, Gummi da Kiddi, gidajensu na kallon juna amma shekara 40 ba sa ga-maciji. In magana ta kama dole, takarda ake rubutawa a ba kare ya kai. Sai cuta ta ɓulla a tumakin kwarin, hukuma ta ce a kashe su duka. Gummi ya ɓoye ragonsa da 'yan tumaki a ɗakin ƙarƙashin gida, don kada irin da suka gada ya ƙare. To me kake so su riƙa cewa? Duk wanda ya taɓa zama gidan da 'yan'uwa ke gaba ya san wannan shirun, ya fi zagi ciwo.

Nura: Ranka ya daɗe, ai ka taya ni. Wa ya ba Grímur Hákonarson, daraktan Hrútar, kyauta a 2015? Ba bikin finafinai na Cannes a Faransa ba? Dýrið ma a 2021 can aka fara nuna shi.

Zainab: Yaya Nura, biyu ka kalla ka yanke wa ƙasa guda hukunci. Nemi Undir trénu na 2017. Ba tunkiya ko ɗaya, maƙwabta ne a birni ke rigima kan bishiyar da inuwarta ke tare wa na kusa rana. Daga baƙar magana aka kai ga ɓatan kyanwa, daga nan abin ya munana. Akwai Andið eðlilega na Ísold Uggadóttir, 2018: wata mata 'yar Gini-Bisau ta maƙale a filin jirgin Keflavík saboda fasfo, kuma wadda ta gano matsalar fasfon ita ma uwa ce da kuɗin haya ya gagara. Fim ɗin ya ci kyautar bada umarni a bikin finafinai na Sundance a Amurka. Kona fer í stríð kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, mai koyar da waƙa ce ke fita da kwari da baka tana katse wayoyin lantarkin da ke kai wuta masana'antar alminiyam, makaɗan fim ɗin na tsaye a bayanta kana ganinsu.

Abba: Ku tsaya tukun. Kun tuna golan Ayislan da Ahmed Musa ya zura wa biyu a Gasar Kofin Duniya ta 2018? Hannes Halldórsson, wanda ya tare fenaretin Messi? Darakta ne fa. Shi ya yi Leynilögga a 2021, fim ɗin 'yan sanda na barkwanci, harbi da tseren mota. Nura, ina tunkiya a nan?

Nura: Hhh, Abba ba ka da dama. Amma ku duba lissafi. Duk mutanen ƙasar ba su kai 400,000 ba. Ko rabinsu sun sayi tikiti da wuya babban fim ya mayar da kuɗinsa. Shi ya sa suke dogara da asusun gwamnati da haɗin gwiwa da Denmark, Faransa, Suwidin. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Baƙo kuma dutse da ƙanƙara yake son gani.

Malam Bala: Nan kam ka taɓo gaskiya, ban musa ba. Sai dai wanda ya kai gare mu shi ne wanda bukukuwan suka tace, ba duk abin da ake yi ba. Kuma ka kalli Volaða land na Hlynur Pálmason, 2022. Da kuɗin haɗin gwiwar aka yi shi, amma wa ya sa a gaba? Wani limamin coci ɗan Denmark a ƙarshen ƙarni na 19, ya taho da katuwar kyamara a bayansa zai ɗauki ƙasa da mutanenta, harshensu ma ya kasa koya. Ragnar, tsohon da ke masa jagora, kallon raini kawai yake masa. Ka tuna sai 1944 suka rabu da sarautar Denmark. Wannan aski ne, ko zane?

Zainab: Ni inda na ga ana sayar da ƙasa ba a nan ba ne. Gwamnati na mayar wa manyan kamfanonin fim har kashi 35 cikin 100 na abin da suka kashe a can. Shirin talabijin ɗin Amurka True Detective zango na 4 a Ayislan aka ɗauka, aka ce mana Alaska ce.

Nura: To, zan nemi na bishiyar nan a daren yau. Amma Dýrið ban janye ba. Tunkiya ta haifi jaririya mai kan ɗan rago da jikin mutum, mata da miji su sa mata riga su raɗa mata suna Ada, ba wanda ya yi ko salati?

Malam Bala: Ɗan'uwan mijin ya yi magana da ya zo, ka manta.

Nura: Shi kaɗai ne mai hankali a gidan.