Tsoffin komik da suka sha jiki: a gyara su ko a bar su yadda suke?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum. Akwai kwali guda na tsoffin komik (mujallun labari cikin zane) a hannuna, na kamfanonin Amurka Marvel da DC na shekarun 1970, da 'yan kwafin mujallar African Film. Takardar ta koma ruwan ƙasa, fil ɗin tsakiya ya yi tsatsa, wasu ba bango, biyu suna warin fumfuna, wasu kuma an liƙe su da salatif. Da me zan fara? Kuma wanda ya lalace haka yana da sauran daraja?

Malamin Aboabo:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara raba masu fumfunar da sauran yau ɗin nan, don tana yaɗuwa. Buɗe su a inuwa inda iska ke wucewa, kwana biyu ko uku. Kada ka shanya su a rana, ja da ruwan ɗorawa ne ke fara koɗewa. In fumfunar ta bushe ta zama gari, rufe hancinka, ka share ta a waje da burushi mai laushi, daga tsakiya zuwa baki. In ka goge ta tana da danshi, cusa ta za ka yi cikin takardar.

Ruwan ƙasan ba datti ba ne, ba ya gogewa. Takardar jarida ce mai araha, tana da asid a jikinta, zafi da laima na ƙara masa ƙarfi har ta fara karyewa. Dubi gefen shafi: in 'yan ɓarɓashi na zuba, wannan kwafin ba ya son yawan buɗewa.

Salatif shi ne babbar matsala. Gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabo har abada. Wanda ledarsa ta bushe tana ɗagowa da kanta, cire ta a hankali. Wanda ke manne gam-gam, bar shi, in ka ja da zanen zai taho. Yagewa kuwa da sitacin alkama ake ɗinke ta: cokali ɗaya a ruwa cokali biyar, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa wajen minti 20 har ya yi sheƙi, ya huce, a tace, a tsinka shi. A shafa kaɗan a siririyar takardar Japan, a ɗora kan yagewar, a danne da abu mai nauyi ya kwana. Laminetin kuma, don Allah kada ka kusance shi, ba a iya warware shi.

Hajiya ta Sabon Zongo:
Sannu ɗana. Kan daraja, ƙirga shafuka tukuna. Yawancin na Amurka na lokacin shafi 32 ne ban da bango, wato falle takwas da aka ninke. Fallen tsakiya ne ya fi ɓata, tun da shi ke fara sakin fil. Kwafi mai datti amma cikakke ya fi mai kyan gani da aka cire masa shafi. A na Marvel na 1974 zuwa 1976 duba shafin wasiƙu, akwai ɗan tambari da yara ke yankewa su tara, yankan kuma kan ci labarin da ke bayansa. Wanda ba bango, duba ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko, nan suna da lamba da shekara suke. Wasu ma 'yan kasuwa ne suka yage bangon suka mayar wa dillali don a biya su kuɗin wanda bai sayu ba.

Kamfanin CGC, mai tantance lafiyar komik, na ba da maki daga 0.5 zuwa 10, irin naka zai faɗa tsakanin 0.5 da 2, kuɗinsa kaɗan ne sai dai in fitowa ce ta musamman. Ni dai African Film ɗin nan na fi ji. Kamfanin Drum ne ya buga ta, hotuna ne da 'yan wasa baƙar fata, labarin wani jarumi mai suna Lance Spearman, an karanta ta daga Accra har Nairobi kafin ta tsaya a farkon shekarun 1970. Kwafi ɗaya kan zaga unguwa guda, shi ya sa mai lafiya ke da wuya. Sunan ɗan makaranta da biro ko hatimin shago a bango shaida ce ta inda ya bi, kada ka goge. Kada kuma ka cike inda launi ya goge da alƙalamin maka, ko ka daidaita baki da almakashi. Masu saye na gane wannan, kuma yana karya farashi fiye da lalacewar kanta.

Mai Ɗinkin Littafi, Asawase:
Malam bai taɓo fil ba. Iskar teku ta Accra na sa shi tsatsa da wuri, tsatsar kuma na cin takarda ta bar rami. In ta fara bazuwa, buɗe tsakiya, ɗaga ƙafafun fil da bakin wuƙa marar kaifi, zare shi ta baya, ka ɗinke da zaren auduga ta ramukan nan dai. Hajiya za ta ce masu saye ba sa so, gaskiya ne, sai ka adana tsohon fil ɗin a ambulan ka gaya wa mai saye. In tabon bai wuce jikin fil ba, ƙyale shi.

In ka ga huji ko kashin ƙwaro, ɗaure kwafin a leda biyu, firiza mako guda, ka bar shi ya kwana a ledar kafin ka buɗe don kada raɓa ta sauka a kansa. In dumsor, wato ɗauke wuta, ya yi yawa a layinku, jinkirta. Bayan nan kowane kwafi da ledarsa da kwali marar asid a bayansa, a tsaye, a kan kantar ajiya, nesa da ƙasa saboda gara da ambaliya, nesa da bango da rufin kwano. Zuba 'yan ƙunshin silika irin na kwalin takalmi, kamar goma a akwati, ka sauya su a watan Yuni lokacin da ruwa ya kankama. Da hunturu kuma takarda kan bushe ta yi tauri, kada ka buɗe ta shimfiɗe.