RCD ɗin gidana sai faɗuwa take yi, wa ya taɓa shan wannan?

Mai tambaya: Salam ƴan uwa. RCD ɗin gidana (brekar da ke yanke wuta in tana yoyo) mai 30mA ta ishe ni wallahi, ka ɗaga ta ta ɗan zauna ta sake faɗuwa, wani lokacin tsakar dare ba a kunna komai ba. Wani mai gyara ya ce a cire ta kawai a huta, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Tsohon mai wayarin: Kul ɗana, kar ka yarda a cire. Ita fa auna wutar da ta fita ta layif take da wadda ta dawo ta nutural, in ba su zo daidai ba to wuta na zurarewa wani wuri. Kuma mai 30mA tana iya faɗuwa tun daga 15mA. Ka zare filogin komai daga soket, zarewa fa ba kashe makunni ba, sai ka riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya.

Uwar gida: Mu namu firiji ne, da rana lafiya lau sai dare, ashe hitar da ke narkar da ƙanƙara ce ke yoyon wuta, ita kuma ba kullum take kamawa ba shi ya sa aka sha wahala kafin a gano.

Mai tambaya: Baba na kashe ƙananan brekoki duka amma da na ɗaga biyu sai ta faɗi, ko wanne biyun ne.

Tsohon mai wayarin: To ina zargin nutural ta taɓa wayar at (wayar ƙasa) a wani layi. Ƙaramar breka layif kawai take yankewa, nutural na nan haɗe, don haka duk layin da ya ja wuta sai ya kayar da ita kana ta zargin wanda ba ruwansa. Wannan aikin mega ne, wato mitar gwada lafiyar rufin waya, a gwada layukan da 500V bayan an cire kayan wuta, ƙasa da megaohm 1 akwai matsala.

Wani memba: Nawa damina kawai yake tashi. Fitilar waje ce, da aka buɗe murfin ruwa kwance a ciki har sukurori sun yi tsatsa kore.

Ɗan kwamfuta: Ni kam babu abin da ya lalace, kwamfutoci ne da inbata da injin wanki kowanne na zubar da ɗan kaɗan ta filtarsa, duk a kan RCD ɗaya suka taru. Mai gyara ya maƙala kilam mita (mitar auna wutar da ke bin waya) a layif da nutural tare ya ga yoyon ya kusa isa ya kayar da RCD, muka raba layukan kowanne da RCBO ɗinsa (breka da RCD a haɗe).

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Akwai hitar wanka da ba ta da filogi, kai tsaye aka haɗa ta, ita ya zan yi na ware ta?