Yaronmu ya ce injin jirgin sama yake so ya ƙera: ina zai dosa?

Maman Abba, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana shekarar ƙarshe a sashen injiniyan kanikanci na ABU, Samaru. Ya nace shi aikin zanen injin jirgin sama yake so, da lissafin ƙarfin ƙarfen da ake yin injin. Mahaifinsa ya ce tunda ga kwalejin jiragen sama nan Palladan, a nema masa gurbi kawai. Na ce bari in tambayi masu sani kafin a kashe kuɗi.

Baban Sadiq, Palladan: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaro albarka. Ki gaya wa Alhaji hanya biyu ce. Kwalejin nan ta Palladan, wato NCAT, tun 1964 take horar da matuƙa, da masu kula da zirga-zirgar jirage, da injiniyoyin gyara. Injiniyan gyara shi ke duba injin, ya canza abin da ya lalace bisa littafin kamfanin da ya ƙera, ya sa hannu jirgi ya tashi, da lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa. Aiki ne mai daraja, ni a cikinsa na yi furfura. Amma ba mu ke zana injin ba, ko ƙusa ɗaya ba mu da ikon sauya mata fasali. Wanda ya rubuta mana littafin nan, shi yaronki yake so ya zama.

Malam na Samaru: Gaskiyar Baba ce. Manyan injinan jiragen fasinja kamfanoni ƙalilan ke yin su: GE da Pratt & Whitney a Amurka, Rolls-Royce a Derby ta Ingila, Safran a Faransa. Injin CFM56 da ke jikin Boeing 737 na haɗin gwiwar GE da Safran ne, haɗin da suka ƙulla tun 1974. A Najeriya babu kamfanin da ke zana irin wannan injin. Gara yaro ya ji haka tun yanzu.

Maman Abba, Tudun Wada: To Malam, ke nan ya haƙura?

Malam na Samaru: A'a Hajiya, ban ce ba. Rabi na biyu na maganar yaron, wato lissafin ƙarfin ƙarfe, shi ne abin riƙewa. Bari in ɗan warware. Injin nan yana zuƙar iska, kwamfuresa ta matse ta, a fesa kananzir a kunna, iskar mai zafi ta bi ta kan fuka-fukan tabayin, wato farfelar da ke cikin injin, ta juya su. A manyan injinan zamani zafin wannan iskar yakan wuce digiri 1,500 a ma'aunin Salsiyos, ya fi zafin da ƙarfen nikel na fuka-fukan ke narkewa. Abin da ke hana su narkewa shi ne ƙananan ramuka da ake hudawa a jikinsu, iska mai ɗan sanyi daga kwamfuresa na bi tana lulluɓe su, ga kuma shafen yumɓu na musamman a saman. A wannan zafin suke juyawa fiye da sau 10,000 a minti ɗaya. Dole wani ya zauna ya lissafa yadda ƙarfen zai riƙa miƙewa a hankali saboda zafi da ja, da yawan tashi da saukar da zai jure kafin ya tsage, da saurin juyin da zai sa shi kakkarwa. Wannan mutumin shi ne mai lissafin ƙarfi, kuma ba a jirgi kaɗai ake nemansa ba.

Baban Sadiq, Palladan: Gajiyar ƙarfe ke nan. Kamar mai lanƙwasa waya yana miƙar da ita, ba ƙarfinsa ke karya ta ba, maimaitawar ce. A 1989 wani jirgi ƙirar DC-10 na United Airlines ya faɗi a Sioux City ta Amurka, sama da mutum 100 suka rasu. Da aka bincika, ɗan aibu ne a cikin ƙarfen titaniyom na faifan fankar injin wutsiya, tun daga wurin narka shi. Tsagar ta yi shekaru tana girma ba a gano ba, ranar da faifan ya fashe ya yanke duka layukan haidurolik uku da ake sarrafa jirgin da su. Shi ya sa kowane faifai yake da adadin tashi da saukar da aka yanka masa. In ya cika sai a cire shi, ko da kuwa yana ƙyalli kamar sabo.

Ɗan Gyallesu: Mama ina gaisuwa. Ni shawarata ta bambanta kaɗan. Kada Abba ya ɗaura rai a kan fita waje tukuna. Injin gas da ke ba da wuta a tashoshi irin su Geregu a jihar Kogi, da waɗanda ke aiki a masana'antar gas ta Bonny, tsarinsu ɗaya da na jirgi: matse iska, ƙonawa, juya tabayin. Wasu ma injin jirgi ne aka gyara aka girke a ƙasa. Ni irinsu nake yi wa aiki a kudu, kuma ranar da aka buɗe inji na ga fuka-fukan da zafi ya cinye wa baki, sai karatun aji huɗu na jami'a ya zauna mini daram. Ya nemi bautar ƙasa ko aikin farko a irin wannan wuri.

'Yar Hanwa: Yaya, ban ƙi taka ba, amma wanda ya shiga aikin tasha ya fara karɓar albashi da wuya ya koma kan zane. Na ga da yawa. In zane yake so, digiri na biyu ne ƙofar. Jami'ar Cranfield a Ingila ta yi suna kan injinan gas, kuma asusun PTDF na gwamnatin tarayya yana ɗaukar nauyin karatun da ya shafi man fetur da gas. Chevening kuwa, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, sai da gogewar aiki ta shekara 2. Ni Jamus na yi. Yawancin jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai dai a nuna kuɗin zama a asusun banki, kuma jami'ar RWTH Aachen tana da cibiya guda ta injinan jet. Abin da mutane ba sa faɗa shi ne shingen tsaro. A Amurka ayyuka da yawa na wannan fanni sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, saboda dokokin hana fitar da fasahar soja. A Ingila ma wasu kwasa-kwasan sai an samu izinin ATAS, wato tantancewar tsaro ta gwamnatinsu, kafin biza. Ya fara neman takardu da wuri.

Ɗan Gyallesu: Shekara biyun da Chevening ke nema fa, a ina zai same su in ba a tasha ba?

'Yar Hanwa: Ka ci wannan, Yaya.

Maman Abba, Tudun Wada: Allah ya saka. Ga shi kusa da ni yana karantawa, ya ce in tambaya me zai fara yi kafin ya gama.

Malam na Samaru: Ki ce masa ya gyara furojet ɗinsa na ƙarshe ya koma wannan layi. Ya ɗauki faifai mai juyawa ko fiffike guda, ya fara lissafa nauyin da ke kansa da biro da takarda, sannan ya kai kwamfuta ya ga ko amsoshin sun haɗu. A kwamfuta ana yayyanka ƙarfen gunduwa-gunduwa ne a lissafa kowace, shi ake kira FEA. Manhajojin ANSYS da Abaqus ne kamfanoni suka fi amfani da su, kuma ANSYS tana da na ɗalibai kyauta, duk da an taƙaita girman aikin da zai ɗauka. Akwai CalculiX, kyauta ne gaba ɗaya, injiniyoyin kamfanin injinan jirgi na MTU a Munich ne suka rubuta shi, kuma yana aiki a cikin manhajar zane ta FreeCAD. Ya kuma koyi Python, yaren rubuta manhaja. Abin da ke ba ni haushi da ɗaliban yanzu, sai yaro ya kawo maka hoto ja da shuɗi yana murna, ka tambaye shi ina ya ɗaure ƙarfen, wane nauyi ya ɗora, sai ya kama sosa ƙeya. Masu ɗaukar aiki waɗannan tambayoyin suke yi.

Baban Sadiq, Palladan: Kada a manta da AFIT a Kaduna, makarantar fasaha ta sojan sama. Suna koyar da injiniyancin jirage, fararen hula ma na shiga, kuma a Kaduna aka ƙaddamar da jirgi maras matuƙi na Tsaigumi a 2018. Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Ya je ya ga abin da suke yi da idonsa.

'Yar Hanwa: Mama, wace irin kwamfuta gare shi? In RAM ɗinta GB 4 ne zai sha wahala, ya ƙara ya kai 16 in da hali. Kuma ya nemi fasfo da takardar sakamakonsa daga jami'a da zarar an kammala, ita takardar takan ɗauki lokaci.

Maman Abba, Tudun Wada: Ya ce 8 ne, kuma batirin ya mutu. Wannan kam sai Alhaji ya dawo daga kasuwa.