Wai in ba tsohuwar waƙar SMAP ba, kada baƙo ya ɗauki makirufo?

Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Juma'a wurin aikinmu za a yi bonenkai, walimar ƙarshen shekara, kuma an ce daga cin abinci sai karaoke, inda inji ke sa kiɗa kai kuma ka rera waƙar kana bin rubutunta a allo. Watana bakwai a Japan, a rubutunsu haruffan hiragana da katakana sun zauna, kanji, masu wuyar da suka aro daga Sinanci, ne da saura. Na san makirufo zai zagayo kaina. Wace waƙa zan koya?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Auta, kada ka wahalar da kanka. Ka koyi "Sekai ni Hitotsu Dake no Hana" ta SMAP, shi ke nan. Zan faɗa da babbar murya: a duk waƙoƙin ƙungiyoyin samari na Japan babu wadda ta kai ta dacewa da karaoke, waɗannan sababbin kuwa na kallo ne, ba na rerawa ba. Faifanta ya fito a 2003, Makihara Noriyuki ne ya rubuta ta, an sayar da kwafi sama da miliyan 3. A shekarar da ta fito, da ita SMAP suka rufe Kohaku, gasar waƙa ta daren sabuwar shekara da NHK ke nunawa. Shekarata goma sha ɗaya a Nagoya, ban taɓa sa ta ɗaki ya yi shiru ba.

Anti: Yaya, da girmanka, ban yarda ba. Waƙar tana da kyau, amma "babu wadda ta kai ta" ya yi yawa. SMAP sun watse ranar 31 ga Disamba 2016. Yarinyar da ke kusa da teburina a Osaka shekararta 23, lokacin tana 'yar makaranta. Ta san waƙar, eh, kamar yadda kowa ya san taken ƙasa. Amma idonta ba ya haske sai an sa Snow Man ko King & Prince.

Yaya Babba: Ai kin kawo mini hujja da kanki, Anti. Ta san ta. Abin da baƙo ke nema ke nan. Ranar da na fara rera ta, a baiti na biyu wani kanji ya sha mini kai, na tsaya cak. Shugaban sashenmu, dattijo mai furfura, bai ko ɗauki makirufo na biyu ba, daga inda yake zaune ya ɗora. Mata biyu suka miƙe suna yi da hannu, irin motsin da SMAP ke yi wajen amshi, wani ya ɗauki caki yana kaɗawa. Kafin na farga ɗaki ya zama 'yan amshina, na sake kamo bakin zaren. Ki gaya mini wace sabuwar waƙa ce za ta yi wa mutum wannan rufin asiri?

Ɗan Sendai: Ni akwai abin da nake ganin ku duka biyun kun tsallake. Waƙoƙin nan ba don maƙogwaro ɗaya aka tsara su ba. Mutum biyar ne a SMAP lokacin da suka yi wannan, Arashi biyar, SixTONES shida, Snow Man tara. Wannan ya ja layi ɗaya ya huta, wancan ya karɓa. Kai kuma a ɗakin karaoke kai kaɗai za ka ɗauki kayan mutum tara, babu inda aka bar maka gurbin numfashi. Na gwada "Imitation Rain" ta SixTONES, wadda Yoshiki na X Japan ya yi musu suka fito da ita a Janairun 2020. Farkonta a hankali take tafiya, sai ka ɗauka ka samu. Can gaba akwai wurin da murya ke hayewa sama, a nan kowa ke zubewa. Don haka a wannan gefen ina tare da Yaya.

Anti: To ai injin yana da maɓallin sauke murya. Injin DAM ne ko na JOYSOUND, ka danna sau biyu ko uku ta sauko daidai wuyanka. Japanawa kansu suna yi, ba abin kunya ba ne.

Ɗan Sendai: Yana sauke murya, Anti, amma ba ya ƙara maka huhu.

Anti: Naji. To mu bar sababbi, mu tsaya a tsakiya. Me ya sa ba Arashi ba? "Love so sweet" ta 2007, wadda aka yi wa zango na biyu na wasan talabijin Hana Yori Dango. Duk wanda ke tsakanin shekara 25 da 45 a ofis ya tashi da ita. Kiɗan farko kawai ke shigowa ka ga mutane sun ajiye waya. Kuma tana da fara'a, tana motsa jiki. Ta SMAP, Allah ya sani ina son ta, amma nasiha ce: furanni a shagon mai fure, kowanne da kyansa, ba sai ka zo na ɗaya ba. Irin wannan a ƙarshen zama ake sa ta, a yi sallama da ita. Auta ya sa ta da ƙarfe tara, ya cinye wa mutane waƙar rufewa.

Yaya Babba: Wannan maganar ta lokacin sa ta, na karɓa. Gaskiya ne an fi ajiye ta zuwa ƙarshe. Amma Auta, in ka bi Anti zuwa Arashi, ka kula da wadda za ka zaɓa. "A・RA・SHI", waƙarsu ta farko ta 1999, akwai gambarar Sakurai Sho, ɗaya daga cikinsu, a ciki. Rubutu yana canza launi a allo da gudu, kafin ka haɗa harafi biyu ya wuce.

Malam: Ku yi mini uzuri, zan shigo da abin da ba daɗin ji. Duk ƙungiyoyin da kuke maganar waƙoƙinsu daga gida ɗaya suka fito, kamfanin Johnny & Associates. Mai shi, Johnny Kitagawa, ya mutu a 2019. A Maris 2023 BBC ta fitar da shiri a kan lalatar da ya yi da yara maza da ke ƙarƙashinsa, daga baya kamfanin ya amsa laifin, ɗaruruwan mutane suka fito neman diyya, aka sauya masa suna zuwa Smile-Up, mawaƙan suka koma Starto Entertainment. Ni tun lokacin bakina ya yi nauyi da waƙoƙin nan. Ina so Auta ya san wannan kafin ya zaɓa.

Anti: Allah ya saka da alheri, Malam, ya kamata ya sani. Abin ya taɓa ni sosai, ina da ɗa namiji. Sai dai ni inda na tsaya: yaran da suka yi waƙoƙin ba su ne masu laifi ba, cikin waɗanda suka taso a gidan nan ne ma aka samu waɗanda aka zalunta. In na daina rera waƙarsu, wa na hukunta? Mutumin ya riga ya tafi inda za a yi masa hisabi.

Malam: Ban ce haramun ba ne, Anti, kuma ba na zargin wanda ya rera. Zuciyata ce ba ta sake ba. In ana neman waƙar da kowa zai tashi, akwai na wasu gidajen. "Choo Choo TRAIN" da EXILE suka sake yi a 2003, wadda ake jeruwa ɗaya bayan ɗaya ana juya jiki. Ko "U.S.A." ta DA PUMP ta 2018, yaro da babba sun san rawarta.

Ɗan Sendai: "U.S.A." kam tana tayar da ɗaki, Malam, amma muryar ISSA, jagoran mawaƙansu, tana sama ƙwarai. Wanda bai saba ba zai sha wuya.

Auta: Na gode Malam, wallahi ban san wannan labarin ba. Yanzu kaina ya ɗan ɗaure. Akwai wadda ba sai ni kaɗai ba?

Ɗan Sendai: Tambayar da ya kamata a fara da ita ke nan. Ka nemi ta mutum biyu. "Seishun Amigo" ta 2005, Kamenashi Kazuya da Yamashita Tomohisa suka yi ta da sunan Shuji to Akira, ita ce faifan da ya fi ciniki a shekarar. Ko "Garasu no Shonen" ta KinKi Kids ta 1997, kiɗan Yamashita Tatsuro. Su ma dai daga gidan da Malam ya faɗa suke, ka sani. Amfaninsu shi ne makirufo biyu ke ɗakin. Ka je wurin senpai ɗinka, wato na gaba da kai a wurin aiki, tun ranar Laraba ka ce kana roƙon ya taya ka. Zai ji daɗi ka nemi alfarmarsa, kuma rabin numfashin ya koma kansa.

Yaya Babba: "Seishun Amigo" tana da sauri fa.

Ɗan Sendai: Tana da shi, amma amshinta maimaituwa yake yi, kwana uku sun isa.

Yaya Babba: To ni ban sauka daga maganata ba, ta SMAP ce uwa. Abin da na yarda da shi shi ne Auta ya bar ta zuwa ƙarshe, in wani ya sa ta ya shiga amshi da ƙarfinsa. Kuma ka roƙi kada a kunna na'urar ba da maki a kan waƙarka ta farko. Tana bin murya daki-daki, sai hankalinka ya koma kan layin da ke allo ka manta da mutanen da ke gabanka.

Anti: Kuma gobe bayan aiki ka kama ɗaki kai kaɗai na awa ɗaya. Hitokara suke ce masa, ba wanda zai kalle ka. Yawancin kanji akwai ƙananan hiragana a samansu, za ka iya bi. Ka sa a kawo maka shayin ulon mai ɗumi, mai ƙanƙara yana shaƙe murya.

Auta: Na tura wa senpai saƙo yanzu. Ya ce "Seishun Amigo" tun yana sakandare yake rera ta, shi zai ɗauki ɓangaren Shuji. Gobe ƙarfe bakwai zan shiga gwaji, zan haɗa da amshin ta SMAP. Malam, zan kuma nemi shirin nan na BBC in kalla kafin Juma'a.